Barka, Baturen da Ya Zo Neman Majemi

Kawunku Bashir ya cika shekara guda da rasuwa, Allah ya jiƙansa, saboda haka alkawarin da na ɗaukar wa mahaifiyarku ya sauka daga wuyana. Abin da zan rubuta ya shafi shekarar da aka yi auren Maryam, shekarar da mutanen unguwarmu ta Mansur, nan Makka, suka daina amsa sallamata da zuciya ɗaya. Kun taso kuna jin ana cewa ubanku ne ya kai Malam Sani wurin hukuma. Kai Mahmud ka yi dambe a kan maganar sau biyu, daga baya ka daina damben, na kuma gane abin da ya sa ka daina. Wanda Hausarsa ba ta kai ta karatu ba a cikinku, Maryam ta juya masa da Larabci, amma kada ta rage komai, ko da wurin da ya taɓa ta ne.

Sai na fara da ƙaryar da na yi tun kafin a haifi ɗayanku. Da na je neman auren mahaifiyarku, wanta Bashir ne ya zaunar da ni, domin mahaifinsu ya riga ya rasu. Su mutanen da suka biyo ta Sudan ne, suna da iƙama, wato takardar izinin zama, suna da shagon yadi a unguwar Misfala, suna kuma iya jera maka kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, daga malami sai falke. Ni kuwa yaro ne da ya zo aikin Hajji daga Sakkwato ya ƙi komawa, ba takarda, ba dangi, sai tiren turare da carbi. Ya tambaye ni sana'ar gidanmu, na ce ubana falke ne, yana kai fatu Kano. Fatun kam suna zuwa Kano, amma ba shi ke kai su ba. Kakanku majemi ne, ɗan majemi. A bayan gari muke, inda iska ke ɗaukar warin ta yi daji da shi. Na girma hannuwana cikin kwatarniyar bagaruwa, kuma ko a makarantar allo akwai yaran da ba sa zama kusa da ni. Ranar da na sauka Makka na yi wa kaina alkawarin ba zan sake taɓa ɗanyar fata ba. Ko a Mina, lokacin da ake neman masu kwasar fatun hadaya, sai in zaɓi ɗaukar kayan alhazai a ka. Shekara talatin na riƙe wannan, kuma da idona na ga Bashir ya kori wani yaro mai hankali da ya zo neman 'yarsa, don kawai an gaya masa kakan yaron mahauci ne.

A shekarar da nake ba ku labari an riga an sa ranar Maryam da Usman ɗan Bashir, kuma su biyun suna son juna tun suna yara. An gama Hajji, Mina ta koma tantuna babu kowa, ni ma na koma wurina a Misfala. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dogon mutum ya tsaya a kan tirena. Bature ne, gemunsa ja da furfura, sanye da farar jallabiya da ta yi masa gajarta. Bai kalli turare ba, ni yake kallo. Ya yi sallama da irin Larabcin da ake koya a littafi.

"Kai ne Abubakar, mutumin Sakkwato?"

Wanda ba shi da takarda ba ya son jin sunansa haɗe da sunan garinsu a bakin baƙo. Na ce ban san mai wannan suna ba, ni ɗan Nijar ne. Ya yi godiya, ya sayi carbi ɗaya, ya tafi. Juma'a ta gaba ya dawo, ya sake sayen carbi. A tsakiyar mako kuma aka gan shi cikin Mansur, yana tsugune gaban Inna Kulu mai magunguna, yana shinshina ƙullinta ɗaya bayan ɗaya, yana rubutu a wani ɗan littafi. Kun san Mansur. Kafin la'asar masu abinci sun janye tukwanensu cikin lungu, maza da yawa ba su fito sallar magariba ba. Ya gaya wa mutane sunansa Idris, ya musulunta tun yana saurayi, yana aikin gyaran tsoffin littattafai wa wani attajiri a Jidda. Ya bar wa mai shayi katinsa. Sunan gidansu da ke jiki Barker ne, amma bakin mutanenmu ya mayar da shi Barka, da shi kuma kuka san shi.

Katin ya faɗa hannun Malam Sani. Ku manyan kun tuna shi: siririn mutumin Zariya da ke tura keken tsofaffi a Harami, mai mata ɗaya da 'yan mata biyu ƙanana. A gida malamin Turanci ne, shi ne kuma ke karanta mana duk wata takarda da ta gagare mu. Ya ɗaga katin a teburin mai shayi, ya daɗe yana kallo.

"Kun san ma'anar wannan suna? Mai haushi. Haushi irin na kare. Ku gaya mini, wane uba ne zai bar wa ɗansa wannan? Wannan ba sunan gida ba ne, laƙabin aiki ne. Maharbi ba ya shiga daji da kansa, sai ya saki wanda zai yi masa haushi a inda nama yake kwance."

Wani ya ce ai mutumin yana salla, an gan shi a sahu.

"Ni ma ina salla," in ji Malam Sani, "kuma na iya ƙarya idan ta kama. Abin tambaya shi ne, me ya sa cikinmu duka sunan Garba kaɗai ya sani."

Duk suka juyo suka kalle ni. Ni ma tambayar da ta hana ni cin abinci ke nan. Juma'a ta uku da ya zo, na rufe tirena da zane, na ja shi gefen wani shagon wake da gurasa inda ba Hausawa, na ce ya gaya mini abin da yake nema, ya kuma gaya mini wanda ya aiko shi. Don in ɓata masa rai ya tafi, sai na ƙara da cewa an fassara mana sunansa, an ce kare ne. Na zaci zai fusata. Sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, ya ce tun yana makaranta yara ke yi masa wannan tsokana, kuma wanda ya fassara ya san Turanci, kalmar ce ke da fuska biyu. Ya ce a harshensu da kalma ɗaya ake kiran haushin kare da ɓawon itace. A zamanin da, mutanen ƙasarsu ba su da sunan gida, da aikinsa ake bambanta mutum, kamar yadda mu ke cewa wane maƙeri, wane tela. Da aka daɗe sai sunan ya manne, ɗa ya gaje shi ko da bai taɓa riƙe kayan aikin ba, har ya kasance yau za ka ga likita yana amsa sunan maƙeri. Nasu sunan kuwa na masu ɓare ɓawon wani babban itace ne na ƙasarsu. Su ɓare shi a lokacin da ruwan itacen ke tashi, su shanya, su niƙa, su zuba a rami da ruwa, su jiƙa fata a ciki wata da watanni har ta daina ruɓewa.

"Ban san yadda kuke kiran wannan aiki da harshenku ba," in ji shi. "Na je ƙauyen da kakannina suka fito. Ramukan suna nan a bakin rafi, can ƙasan gari, inda ruwa ya riga ya wuce gidajen mutane. Ba a yarda su zauna a tsakiya ba, saboda wari."

Na ce a raina, wannan ya yi shiri sosai. An gaya masa ko ni wane ne, shi ya sa ya ɗinka labarin da zai yi daidai da ni. Sai ya buɗe jakarsa ya fito da wani tsohon littafi a naɗe cikin tawul, ya miƙo mini. Bangonsa jar fata ce ta akuya. Tun kafin in riƙe shi da kyau yatsuna suka gane ta. Ya ce littafin ya girmi kakansa, an yi masa bango a ƙasarsu da fatar da ta fito daga tamu, kuma duk fatun da aka jeme da maganin kamfani a kan shiryayye ɗaya da shi sun zama gari, wannan kaɗai ta ƙi mutuwa. Yana so ya san yadda ake yin ta kafin masu yin su ƙare. Ya ce ya karanta cewa ana samun jan ne ta hanyar dafa karan wata dawa da ruwan lemun tsami.

"Da kanwa," na ce. "Lemun tsami daga baya ne, na wanke ta ne don jan ya fito. Kuma ba dafawa ake yi ba."

Maganar ta riga ta fita. Ya ɗago ya dube ni, bai yi dariya ba, bai kuma buɗe littafin rubutunsa ba. Na tambaye shi wa ya nuna masa ni, ya ce tsohuwar nan mai magunguna, tun kafin ya fara zuwa wurina. Da yamma na je na sami Inna Kulu. Shekara da shekaru muna gaisawa, ban taɓa sanin ta san asalina ba. Ba ta ko ɗago daga ƙullin da take yi ba.

"Ni ɗiyar unguwar da ke bayan taku ce. Na san ubanka, na san kwatarniyoyinshi. Tun ran da na fara ganin ka a garin ga na gane tafiyarshi. Bature ya tambaye ni wa ya san aikin bagaruwa, ni kuma ban iya ƙarya da tsufana."

Ya kamata in tsaya a nan. Ban tsaya ba, kuma ba zan ce tausayinsa ne ya ja ni ba. Hannuwana ne suka hana ni sakat tun ranar da suka taɓa bangon littafin nan. Barka ya sami wani makiyayi a wajen gari, mai garken awaki da tankin ruwa, ya yarda mu yi amfani da bayan shingensa. Muka zaɓi fatu uku. Ba su kai na jajayen awakinmu laushin gashi ba, na kuma gaya masa haka. Babu kwatarniya, sai manyan robobi. Babu kartaji, wuƙar da majemi ke kankare gashi da ita, sai da na sa wani maƙeri ɗan Yaman ya lanƙwasa mini ƙarfe, na ce masa na kankare fenti ne. Bagaruwa da karan dafi, wato karan dawar nan mai ba da ja, daga wurin Inna Kulu suka fito, kashin tattabaru kuma daga rufin makiyayin. Wata biyu muna zuwa, Juma'a da wasu ranakun tsakiyar mako. Yakan ɗauke ni a motarsa nesa da unguwa, ni kuma in ce wa mahaifiyarku na tafi sarin turare.

Mutumin ba ya ƙyama. Ya naɗe hannun riga ya cusa hannu cikin ruwan toka, ya cusa cikin na kashin tattabaru, wanda ko ni sai da na kau da kai a karon farko. Yana tambaya kamar yaro, yana rubuta kowace kalma: jima, majemi, bagaruwa. Wani lokaci in manta da kaina in daka masa tsawa yadda ubana ke daka mini, shi kuma ya ce na'am. Duk da haka ban taɓa sakin jiki da shi gaba ɗaya ba. Idan wayarsa ta yi ƙara ya matsa gefe yana Turanci, sai in tsaya da aiki ina kallon bakinsa. Idan mota ta taso da ƙura a hanyar garken, sai in duba inda zan bi in gudu. Rana ɗaya ce kawai na yi sakaci. Muna murza man gyaɗa a fata ta biyu, raina ya yi fari, sai ya tambaye ni wane ne ya fassara sunansa da kare, domin yana so ya gaishe shi ya kai masa babban ƙamus. Ina dariya na ce Malam Sani ne, ɗan Zariya, mai tura keke, yana zaune a benen da ke bayan mai gurasa. Ya goge hannunsa ya rubuta. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku.

Kwana tara bayan haka, da rana tsaka bayan azahar, motoci biyu suka tsaya a bakin layin mai gurasa. Aka kama mutum biyar marasa takarda. Malam Sani yana cikinsu, ya sauko ne zai sayo wa yaransa madara. Kame ba sabon abu ba ne a wurinmu, bayan kowane Hajji ana yi. Amma an daɗe ba a shiga wannan layin ba, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan Barka shi aka fara sa wa hannu. A daren farko ba wanda ya ce mini komai. Washegari wani direba ya ba da labarin cewa ya gan ni sau biyu a gaban motar Baturen, muna fita gari. Kafin Juma'a, Bashir ya aiko cewa dattawa za su zauna a gidansa bayan la'asar, ana son gani na.

Da safen ranar mahaifiyarku ta aike ku duka waje, ta rufe ƙofa. Ta kama hannuwana biyu ta juya su. Bagaruwa tana rina farce da tsagin fata, ba sabulun da ke fitar da ita da wuri. Makonni ina ɓoye su cikin aljihu, ina cewa sabon turaren itace ne.

"Baban Mahmud, wannan ba turare ba ne. Rigunanka ma na wanke su ni kaɗai, ban bari Maryam ta taɓa ba. Ina kake zuwa da mutumin nan?"

Na gaya mata duka, tun daga bayan garin Sakkwato. Ta saki hannuwana, ta zauna a bakin gado. Na zaci kuka za ta yi, ko ta ce in sake ta. Da ta buɗe baki, ba ni take kallo ba, akwatunan auren Maryam take kallo da ke jere a jikin bango.

"Abin da ke tsakanina da kai, za mu yi shi daga baya. Yau maganar yarinyar nan ce. Na san Yaya. Zai bar Usman ya auri 'yar munafuki, domin zai ce munafunci halinka ne kai kaɗai, kuma zai ji tsoron taɓa wanda ake zaton yana da hanya da hukuma. Amma ba zai bar shi ya auri jikar majemi ba, zai ce wannan jini ne. Kuma ba zai taɓa yafe cewa ka zauna a gabansa ka yi masa ƙarya ba. Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba muddin yana raye."

Na ce mata, to sunana fa, da na yaranmu maza?

"Kai ka zaɓi wannan hanya tun kafin ka san ni," ta ce. "Ni yau na shigo ta."

Na yi mata alkawarin. Kada ku ɗora mata laifi. Da ta ce in je in faɗi gaskiya, ban tabbata da ƙafafuna za su kai ni ba. Ta ba ni dalilin yin abin da da ma zuciyata ke so.

Dattawa bakwai na tarar a falon Bashir. Ba a ba ni gahawa ba. Bashir ya yi magana a hankali, rabi Hausa rabi Larabci, yadda ya saba idan yana son a san shi ne babba. Ya ce ba wanda ya tuhume ni, tambaya ce kawai: ina nake zuwa da Bature, me muke yi, me ya sa a ɓoye. Na ce ban kai sunan kowa wurin hukuma ba, na kuma rantse a kan haka. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Na ce abin da muke yi bai shafi kowa ba, kuma ba zan iya faɗa ba. Wani tsoho ɗan Damagaram, wanda muka yi shekaru muna ɗaukar kaya tare a Mina, ya matso ya dafa gwiwata.

"Garba, ko mace ce, ka faɗa. Ko wani abin kunya ne, ka faɗa, mu rufa maka. Matar Sani tana can da yara biyu ba ta san inda za ta sa kanta ba."

Na zauna da hannuwana cikin aljihu. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka nemi takalmansu. Inna Kulu kaɗai ce za ta iya wanke ni, na kuwa je na roƙe ta kada ta yi. Ta ce shekara talatin bakinta a rufe ba abin da ya faru, sau ɗaya ta buɗe ga abin da ya jawo, ba sai na roƙe ta ba.

Na koma garken sau ɗaya. Fatu biyu sun yi kyau, jan ya zauna, ta ukun ta ƙone a ruwan toka tun farko. Barka yana ta shafa su yana murna, bai san abin da ake ciki ba, ko kuma ya nuna bai sani ba. Na gaya masa an kama Malam Sani. Na tambaye shi kai tsaye wa ya ba sunan da ya rubuta. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya buɗe mini shafin, ga sunan a tsakanin kanwa da karan dafi. Ya je mota ya ɗauko ƙamus sabo a ledarsa, ya ce Juma'ar nan ya yi niyyar kai masa. Ya juya wajen alƙibla ya rantse bai faɗa wa kowa ba. Ina kallon ƙamus ɗin ina tunanin cewa wanda zai ci amana ma ya iya shiga kanti ya sayi littafi. Ya ce zai zo gaban dattawa ya faɗi abin da muke yi, ya kawo fatun su gani. Na ce idan ya yi haka ya kashe auren 'yata. Sai da na yi masa bayani sau biyu kafin ya gane, sannan ya zauna a kan wani bulo.

"Kakata har ta mutu tana cewa sunanmu makiyayin tumaki yake nufi," in ji shi. "Akwai masu ilimi da suka ce wasu gidajen daga can nasu ya fito, ba ƙarya ta ƙirƙira ba. Amma ta san ramukan nan, a gabansu ta girma. Ban zaci zan zo har nan in tarar da mai irin halinta ba."

Na ce ya ɗauki fatunsa, kada ya sake zuwa Mansur ko Misfala, ko ya gan ni a Harami kada ya yi mini sallama. Ya bi maganata. Ban sake ganin sa ba, ban kuma san ko yana raye ba. Idan kuka tambaye ni yau ko yana da hannu a kamen nan, zan ce muku mafi yawan kwanaki ina ganin ba shi da shi. Akwai kwanakin da nake tuna yadda ya goge hannunsa kafin ya rubuta.

An yi auren Maryam yadda mahaifiyarku ta faɗa, Bashir bai ce uffan ba, maza kaɗan ne suka zo ta ɓangarena. An mayar da Malam Sani gida, matarsa ta miƙa kanta da yaran ga hukuma bayan shekara guda suka bi shi. Ni kuwa ba wanda ya zage ni a fuska. Idan na zo teburin mai shayi hira ta koma ta farashin tumatir. Idan za a haɗa masu aikin Mina, sai in ji an riga an cika. Mahaifiyarku ta rasa ƙawayenta na biki, ba ta taɓa yi mini gori ba, maganar da ta ce za mu yi daga baya kuma har ta koma ga Allah ba ta ɗauko ta ba. Ku maza kuka ɗauki sauran. Mahmud, da ka tambaye ni gaskiyar magana a ranar da za ka bar gida na ce maka ba ruwanka, ba raini ba ne. Kawunka yana da rai a lokacin.

A Hajjin bana na sami lambar Malam Sani a hannun wani alhaji daga Zariya. Na yi kwana huɗu kafin in kira. Muryarsa ta tsufa, amma ya gane tawa tun daga sallama. Na ce ya ba ni lokaci kada ya kashe, ya ce yana ji. Na gaya masa duk abin da na rubuta muku a nan, har da ranar da na faɗi sunansa da benen da yake zaune. Na gaya masa ma'anar sunan Barka. Ya ce ya sani, ya duba bayan ya koma gida, ya ga akwai ɓawon itace a ciki, amma hakan bai sa ya yarda da Baturen ba, kuma ba zai yarda da shi ba. Na ce ban kira don Bature ba, na kira ne ya yafe mini.

Sai ya ce:

"Sunana da ka faɗa, na yafe, domin ban san ko shi ya kai ni ba, kai ma ba ka sani ba. Amma shekara goma sha biyu ina yi maka addu'ar da ba ta da kyau, Garba, a kowace asuba. Ka bar ni na ɗauki wannan a kan jima. Da ka ce mana fata kake jemewa, dariya za mu yi maka ta mako guda."

Na ce Bashir ba zai yi dariya ba.

"Wataƙila," in ji shi. "Ka tambaye shi?"

Ban taɓa tambayarsa ba. Ya ce ana kiran la'asar a wurinsu, zai je ya yi alwala, in gaishe masa da Ɗakin Allah idan na shiga.